Sanarwa: Zaman Farfaɗo da Hadda Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya.

Lokacin da muka buɗe rukunin nan bayan ƙaramar Sallah, kafin rana ta fito muryoyin tilawa sun cika wayoyinmu. Yanzu kuwa tsit, mutum uku ko huɗu ne ke turowa. Ni ma ban tsira ba. Alamar da na sa a Suratul Kahfi sati biyar ke nan ba ta gusa ba.

A ganina mun ɗebo da zafi ne. Sumuni guda (ɗaya bisa takwas na izu) kullum, ga aiki ga makaranta, dole jiki ya yi sanyi.

Saboda haka za mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a masallacin da muka saba, Tudun Wada, Zariya. Mutanen Samaru ku fito da wuri, kun san cunkoson Kwangila. Kowa ya zo da Alƙur'aninsa, ya faɗi inda ya tsaya, ba kunya a ciki. Za mu koma sumuni 2 a sati, izu guda a wata ke nan, kuma kowa za a haɗa shi da abokin muraja'a, wato bitar hadda.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Juma'a.

Allah ya ƙara mana himma. Na gode.
Ɗan uwanku, mai kula da rukuni