Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Koya Wa Malamai Da Ma'aikatan Makarantarmu Dabarun Ceton Rai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagacinmu da masu unguwanni.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Mu talakawanka ne, iyayen yaran da ke karatu a firamaren garin nan, tare da 'yan kwamitin kula da makaranta da wasu daga cikin malamai. Mun durƙusa muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa tun kafin mu fara, idan har harshenmu ya yi kaushi a wani wuri. Zuciya ce ta cika.

Ranar Talatar makon jiya, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, yara suna cikin aji sai wasu babura suka wuce ta bayan katanga a guje, salansar ɗaya ta buga ƙara kamar harbi. Wani yaro ya ƙwala ihu, "Ga su nan!" Kafin ƙiftawar ido ajujuwa sun fashe, kowa ya nufi babbar ƙofa, domin ƙaramar ta baya an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo tun bara, makullin kuma yana aljihun Baba mai gadi da ya tafi ɗebo ruwa. Manya suka bi ta kan ƙanana. Ashe samari ne kawai ke tsere a hanyar kasuwa.

Allah ya taimake ka, da ƙura ta lafa, silifan yara da Baba mai gadi ya tsince a bakin ƙofar nan sun cika buhu. Wata yarinya 'yar aji biyu ta karye a hannu, wani malami cikin tausayi ya kama hannun yana ja wai zai mayar da ƙashin, tana ta kururuwa. Wata kuma ta faɗi tana fizge-fizge, aka tura mata cokali a baki, aka sheƙa mata ruwa, aka kara mata albasa a hanci. Sai a asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce mana ba a sa wa mai wannan hali komai a baki, kawar da abin da zai ji masa ciwo ake yi, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ta ce shi ma karyayyen hannun a tallafe shi ne kawai yadda yake har a iso asibiti. Da aka buɗe akwatin taimakon gaggawa na ofishin hedimasta, abin da ke ciki auduga ce da ta sha ƙura, da kwalbar aidin da ta bushe, da almakashi mai tsatsa.

Ba ƙarar malamanmu muka kawo ba. Mun ga malamar da ta kifa a kan yara uku a bakin ƙofar, ana tattaka bayanta ba ta ɗaga ba, har yau da ƙyar take miƙewa. Suna son yaran nan. Amma da muka tambaye su a taron da aka yi washegari, babu ko mutum ɗaya, daga hedimasta har mai shara, da aka taɓa zaunar da shi aka koya masa abin da zai yi idan an firgita, ko wuta ta tashi, ko yaro ya suma.

Kuma ranka ya daɗe, wa zai ga laifin yaron da ya yi ihu? Yaranmu sun tashi suna jin labarin Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a watan Disamba na 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Tegina, da Birnin Yawuri. Na Kuriga a watan Maris na 2024 da safe aka yi shi, yara sun gama taron safe ke nan. Bayan duk wannan, a ce har yanzu makarantarmu ba ta da ƙararrawa ta musamman da yaro zai ji ya san ta haɗari ce, ba ta da wurin da aka ce a taru, ba a taɓa gwada fitar da yara aji-aji ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba tsari ne babu ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, a Abuja aka yi babban taronta a watan Oktoba na 2021, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaro da aminci a makarantu. A 2023 an buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin jami'an Sibil Difens. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, a ciki kuma akwai kason horas da malamai. Duk muna ji a rediyo. To ina yake tsayawa, da ba ya isowa nan?

Mun yi magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun rubuta, mun je ofis da ƙafarmu, an ce a dawo bayan hutu, an ce ana jiran kasafi, an ce an sa mu a lissafi. Har mun daina ƙirgawa. Duk sanda bita ta taso a birni, fuskokin nan biyu zuwa uku su ne dai ke tafiya, su dawo da jaka da takardar shaida, ba wanda suka tara suka koya wa ko kalma. Akwai malamin da ya shekara goma sha biyar yana riƙe da alli a nan, rabonsa da zama a gaban mai koyarwa tun ranar da ya bar kwalejin ilimi. Shi kuwa mai gadi, da matan da ke sayar da abinci a gindin darbejiya da murhunsu, ba a ma lissafa su cikin masu buƙatar sani, alhali su ne a bakin ƙofa, su ne a kusa da wuta.

Maganar wuta ma ba za mu tsallake ta ba, ga hunturu na ƙaratowa. Gobarar da ta cinye yara sama da 20 a ajujuwan zana a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, da wadda ta kashe almajirai 17 a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025, ba su da nisa da mu. Ko bokitin yashi babu a makarantarmu, balle tukunyar kashe wuta, kuma haka tsangayu da islamiyyun garin suke.

Don haka muke roƙon Mai Girma, da girman Allah da girman rawanin da ke kanka, ka sa baki a turo mana masu horaswa nan cikin makarantar, kada a sake kiran mutum biyu zuwa birni. 'Yan Red Cross suna koyar da taimakon gaggawa, 'yan kwana-kwana suna koyar da kashe wuta, kiranka zai fi namu saurin isa kunnensu. A haɗa da kowa: malamai, mai gadi, masu abinci, malaman islamiyya da alarammomin tsangaya. A riƙa gwajin fitar da yara kowane zangon karatu har ƙafarsu ta saba. A cire kwaɗon ƙofar baya a lokacin karatu, a cika akwatin nan da magani. Muna kuma roƙon a nuna wa Mai Girma jerin sunayen waɗanda aka tura bita a shekarun nan, a mayar da abin karɓa-karɓa, duk wanda ya je ya dawo ya koyar da 'yan uwansa a gaban kwamiti.

Ba mu zo hannu rabbana ba. Mun yi karo-karo, za mu ɗauki nauyin abinci da ruwan masu horaswa, maƙeran gari kuma sun yi alkawarin faɗaɗa babbar ƙofa kyauta in an ba su izini. Amma muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a fara da horon nan kafin a koma sabon zango. Tun ranar Talatar, gidaje da dama sun hana 'ya'yansu mata fita makaranta, kuma mun rasa abin da za mu ce wa iyayensu mata su sake su.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya kare mana kai.

Talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara, 'yan kwamitin kula da makaranta da malamai.