Hannunka mai sanda

Unguwar Rimi,
Kaduna.

Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya amarya, ya zafin Malesiya? Allah ya sa a gama lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai hunturu da ya kankama, ƙura ta rufe gari har da safe ba ka hango ƙarshen gadar Kawo. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tana nan lafiya, ta ce in faɗa maka hotunan abincin sun isa haka, ka riƙa kira ana jin muryarka.

Saƙonka ya iso, har da hoton sitik ɗin, wato akwatin wasan gem mai sanda da maɓallai, da ka gani a shagon nan na Low Yat a Kuala Lumpur. Minti huɗu kana kewaye-kewaye, alhali tambayar ɗaya ce: ka saya ko ka bari? Na ɗauki waya zan ba ka amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ne na zauna na rubuta. Ka san halina idan aka taɓo gem ɗin faɗa, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Idan don ka riƙa cin mutane kake son sa, mayar da kuɗinka aljihu. Ni na riga ka faɗawa wannan ramin. Shekara biyu da suka wuce na sayi wani ɗan madaidaici na hannu a wajen wani yaro da ya dawo daga karatu, na rungumo shi a Napep kamar jariri, ina ji a raina daga ranar an daina raina ni. A wani shingen bincike har sai da na buɗe jakar, jami'in ya daɗe yana jujjuya shi, ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye ni ko na'urar kiɗa ce. Na ce kusan haka ne, ranka ya daɗe. Washegari na kai shi shagon gem, na ɗora a cinya, yara suka kewaye ni. Wani ɗan JSS 3, silifas ɗinsa ma ba iri ɗaya ba ne, riƙe da hannun gem da aka naɗe da salatif, ya ci ni sau bakwai a jere. A na takwas ya ce, "Yaya, ko in ara maka nawa?"

Abin da ya faru shi ne, a ƙarƙashin sandar akwai wani faranti mai rami wanda sandar ke yawo a ciki, kuma a irin ta Japan ramin kusurwa huɗu gare shi. Ka ga Hadoken ɗin Ryu na Street Fighter da muke yi ido rufe, ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, naushi? A sitik sai sandar ta maƙale a kusurwa, ko kuma in wuce gona da iri in ga Ryu ya yi tsalle ya faɗa bakin duka. Na yi kusan wata biyu ina wasa kamar wanda bai taɓa ganin gem ba. Da na saba, inda na koma shi ne daidai inda nake a da. Ban ƙaru da komai ba, sai ciwon wuyan hannu na ɗan lokaci.

Daga baya na zauna na yi tunanin dalili. Shi sitik ba don ya fi aka ƙirƙiro shi ba, gado ne. Lokacin da Capcom ta fitar da Street Fighter II a 1991, a cikin manyan akwatunan nan na gidajen wasa ya fito, waɗanda ake jefa wa kwabo: sanda a hagu, maɓalli shida a dama, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa. Yaran Tokiyo da Seoul da Lahore a kan wannan suka tashi. Da wasan ya koma cikin gida, sai suka nemi abin da hannunsu ya sani, kamfanoni kuma suka ƙera musu shi a akwatin da za a iya ɗorawa a cinya. Mu fa? Ka tuna shagon nan na Tudun Wada, bayan Kasuwar Barci, mai benci biyu da talabijin mai ƙeya? Inji na ruri a waje, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na bayansa, kai kuma kullum ka ɗauki Eddy a Tekken 3 ka yi ta danne-danne har mutum ya rasa ta inda zai shigo. A can babban yatsanmu na hagu ya yi kanta. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan wannan yatsan yana koyon aikinsa, sai rana ɗaya ka sallame shi ka ce wuyan hannu ya karɓa? Ai dole a sha kashi.

Kada kuma ka ce ai duk manyan 'yan wasa sitik suke riƙewa. A gasar Evo ta 2014 a Las Vegas, Luffy na Faransa ya lashe Ultra Street Fighter IV da tsohon hannun PlayStation na farko, irin wanda muka yi ta ja-in-ja a kansa a Tudun Wada. MenaRD, ɗan Jamhuriyar Dominika, yana ɗan shekara 18 ya ɗauki Capcom Cup a 2017 da dala 250,000, da hannun gem. Punk na Amurka ya ci Street Fighter 6 a Evo 2024, shi ma haka. SonicFox da ya addabi kowa a Mortal Kombat bai taɓa buƙatar sanda ba, kuma dama ita Mortal Kombat tarewa ma maɓalli gare ta, ta fi zama daidai a ƙarƙashin manuniya. A ɗaya ɓangaren ga mutuminmu Arslan Ash na Pakistan, wanda ya ci Evo Japan da Evo duka a 2019 a Tekken 7, ya doke Knee na Koriya a wasan ƙarshe na Evo, ya yi sujada a gaban duniya. Da sitik ya yi. Amma shi a shagunan Lahore ya tashi a kan sanda tun yana yaro. Kowannensu da abin da ya saba da shi ya je fagen, babu wanda ya sayo nasara a kwali.

Sai maganar kuɗi, wadda na lura ka yi sauri ka wuce ta a saƙonka, wataƙila amarya na kusa. Hori Fighting Stick Alpha kimanin dala 200 ne. Qanba Obsidian 2 ya kai 250. Victrix Pro FS, mai jikin ƙarfen nan da kowa ke haɗiyar yawu a kansa, 400. Masu sauƙi irin Mayflash F300 suna wajen dala 60. Ka lissafa dala a kan naira 1,500, sai ka ga na 200 ɗin ya tashi naira 300,000 tun kafin a yi maganar dako da kwastam. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wani na wata huɗu da 'yan kai, a akwatin da ba ya kunna kansa. Na san kai a can kake saye, babu dako, amma kuɗin tallafin karatu ne, kuma na san yadda kake ƙirga shi.

To amma zan zama maƙaryaci idan na ce na yi da-na-sani. Ban yi ba, kuma ga dalili.

Na farko dai, abin yana gyaruwa. A hunturun bara ƙura ta shige maɓallin ƙaramin shuri, ya riƙa danƙarewa. Na kwance ƙusoshi shida na ƙasa, na zare wayoyi biyu da hannu, ko dalma ba a buƙata, na tura tsohon ya fito, na danna sabo ya zauna ɗaram. Minti biyar. Maɓallin kamfanin Sanwa na Japan mai faɗin milimita 30 bai wuce dala 3 ba, sandar tasu kuma, wadda ake kira JLF, ba ta kai dala 30 ba, kuma su ne dai ake sa wa a akwatunan gidajen wasa na Japan, inda ake dukansu daga safe har dare. Kwatanta da hannayen gem nawa muka binne ni da kai. Da zarar ɗan sandan analog ya fara tafiya da kansa, ko robar ƙarƙashin maɓalli ta mutu, sai ka kai wa mai gyara a kasuwa ya taɓa, bayan sati uku ya dawo gidan jiya. Na jabu kuwa da suka cika gari, ba a ma maganarsu. Idan mutum zai yi shekara goma yana wannan wasa, lissafin ya fara canzawa.

Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafi. Yatsu biyar a shimfiɗe a kan maɓallai, kowanne da nasa, ba babban yatsa ɗaya yana ta safa da marwa ba. Danna biyu a tare, kamar kamu a Street Fighter, ya zama wasan yara. A Tekken kuwa, ranar da na fara fitar da naushin lantarkin nan na Kazuya sau uku a jere, wanda sai ƙasa-gaba da naushi sun faɗa a firam ɗaya, kuma wasan firam 60, wato hotuna 60, yake tafiya a daƙiƙa, wallahi ihu na yi ni kaɗai a falo. Ana yin sa a hannun gem, na sani, amma a sanda kana jin ƙas-ƙas ɗin kowace kusurwa a tafin hannunka. 'Yan Tekken da yawa ma sun fi son sandar Koriya, wadda roba ke mayar da ita tsakiya maimakon sifirin, saboda ja da bayan nan nasu mai sauri. Daɗi ne kawai, Dakta, irin daɗin da mai tsohuwar Vespa ke ji, wanda ba zai iya yi wa mai sabon babur bayaninsa ba.

Daɗin nan kuma yana da ƙara. Maman yara ta kafa doka: bayan ƙarfe goma na dare ba a daka a gidan nan. Haka take kiransa, daka. Kai da kake zaune a ɗaki ɗaya da falo a bene, da maƙwabta ta kowane ɓangare, da amaryar da ko shekara ba ta cika ba, ka yi wa kanka hisabi.

Wani abin da zai ba ka haushi: su kansu masu sandar suna ajiye ta. Yanzu yayin marar sanda ake yi, wanda kamfanin Hit Box ya fito da sunansa, inda hagu da dama da ƙasa da sama duk maɓallai ne kamar allon kwamfuta. Yatsa ya fi wuyan hannu saurin sauya hanya, musamman ga mai wasa da Guile da ke riƙe baya ya saki gaba. Daigo Umehara da kansa, wanda duniya ta san shi da sanda tun shahararriyar nasarar da ya yi a kan Justin Wong a Evo 2004, ya koma irin wannan. Abin ya yi ƙarfi har Capcom ta sa doka a 2023 cewa idan aka danna sama da ƙasa a tare, to kamar ba a danna komai ba ne. Razer Kitsune dala 300 ya fito, amma akwai ƙanana na China, sirara kamar littafin rubutu, da ba su kai rabin rabin wannan ba. Ga shi kuma Street Fighter 6 ya zo da tsarin Modern, inda maɓalli ɗaya ke fitar da abin da muka yi shekaru muna murza yatsa a kai, duk da an ɗan rage masa ƙarfin duka. Masu yin wasannin sun san yawancin masu sayensu hannun gem suke riƙewa.

Ka kula da abu ɗaya idan ka ƙi jin maganata, don na san ka. Tambayi mai shagon ko yana da lasisin PS5. Da yawa daga cikin masu arha suna aiki lafiya lau a kwamfuta, amma a PlayStation na'urar tana neman shaidar lasisi, idan babu sai ya yanke bayan minti takwas, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, sai ka ƙara kuɗi ka sayi ɗan abin da ake soka masa. Kada ka yarda da "yana yi" na baki. A jona a gabanka, ka yi wasa na kwata ɗin awa.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. A birni kamar Kuala Lumpur ba za ka rasa inda 'yan gem ɗin faɗa ke haɗuwa ba. Je ka zauna, ka roƙi aro, ka yi sati biyu ko uku kana taɓawa. Idan ka dawo gida ka ji hannunka yana ƙaiƙayin sandar, sayi mai dala 60 ɗin, ka yi wata shida da shi, in ya kama ka sai ka canza masa kayan ciki zuwa Sanwa da kanka. Idan kuma ka ji ba komai, ka huta. Ragowar kuɗin ka sa a waya mai jona na'urarka da intanet kai tsaye, ka bar Wi-Fi ɗin nan da ke sa wasanmu yana tsinkewa duk ranar Asabar kana ɗora wa Kaduna laifi. Ni nan abin da ya fi ƙara mini ƙwarewa a bara batir da inbata ne, domin kafin su sau nawa ana ɗauke wuta ina tsakiyar kombo, wato jerin duka.

Yanzu ga tawa buƙatar, tunda ka sa na yi wannan dogon rubutu. Na kai wa wani kafinta a Panteka zane, zai haɗa mini akwatin marar sanda da katako, ramuka goma sha ɗaya na milimita 24 da ɗaya na 30. Ya kalli takardar ya ce shi dai bai taɓa yin murhu mai ramuka da yawa haka ba, amma zai gwada. Allon cikin na samu. Maɓallan ne babu a nan. Idan za ka taho hutun ƙaramar Sallah, ka sayo mini goma sha biyu, baƙaƙe, ka ƙara biyu saboda hunturu. Ka tabbata na Sanwa ne na asali, ka duba sunan a ƙasansu. Zan tura maka kuɗin ta wajen ƙaninka. In ka sauka a tashar Rigasa ni zan ɗauko ka, kuma yaron nan mai silifas yana nan yana jira, na riga na gaya masa akwai wani Dakta da ke cika baki daga ƙasar waje.

Ka gaida amarya da kyau, ka ce mata ban zuga ka ba. Maman yara da yaran suna gaishe ku.

Naka,
abokin bencinka na Tudun Wada.