Godiya ga Injiniya da yaransa masu duba mana zanen fanel kafin a tura Sin

Assalamu alaikum Injiniya, ranka ya daɗe, da kai da yaranka na ofis baki ɗaya.

Na san ba ka son yabo a bainar jama'a shi ya sa ba zan kama suna ba, amma duk mai harkar haɗa kayan sola a Kano ya san ofishin da nake nufi, inda muke kai zanen fanel, wato ɗan allon nan da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kai ba fanel ɗin sola ba, ku duba ku tura birnin Shenzhen na ƙasar Sin a bugo mana. Fanel ɗina guda 50 sun iso ranar Talata, jiya muka gama ɗora kaya a kan goman farko kuma wallahi duk goman sun tashi ko ɗaya bai yi gardama ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuto tun abin bai huce a raina ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, 'yar na'urar cajin batir mai volt 12 nake haɗawa ina sayar wa masu ƙaramin sola. Bara ma na buga fanel amma da kaina na tura, ban bi ta wajen kowa ba don ina ganin na iya KiCad, manhajar da muke zana fanel da ita, to a nan ne na sha ruwa.

Bari in ɗan yi wa 'yan uwa bayani don a gane abin da nake godiya a kai. Fanel hawa hawa ne, akwai jan ƙarfe wanda wuta ke bi, sai koren fentin nan da ake ce wa solda mas ya rufe shi ko'ina ban da 'yan tagogi da ake bari a wuraren da dalma za ta zauna, sai kuma a saman koren a buga farin rubutu, silkiskirin, sunayen kaya irin su R1 da C3 da alamar + da ɗigon da ke nuna ƙafar farko ta ayisi, wato ɗan baƙin kayan nan mai ƙafafu da yawa. Rigimar tana faruwa ne in farin nan ya faɗa cikin taga. In masana'anta ta buga shi yadda ka aiko, fenti ya hau jan ƙarfe, dalma ta ƙi kamawa sai ka ga ta dunƙule tana gangarawa kamar ruwa a ganyen gwaza. Shi ya sa yawancinsu ba sa ma tambayarka, yanke duk farin da ya shiga taga suke yi su wuce.

Abin da aka yi min ke nan bara. An yanke, an kuma yanke daidai, sai dai alamar + ta babban kafasita ta tafi a yankan, ɗan guntun layi ya rage wanda in ka kalle shi sai ka rantse alamar negatif ce. Yarona ya bi abin da ya gani ya juya kafasitan, muna haɗa batir bai daɗe ba muka ji tas! kamar nokawut, takarda da wari suka cika shago, mai shayin ƙofarmu har ya leƙo yana salati. Ban ga laifin yaron ba ban kuma ga na masu bugawa ba, ni ne DRC, mai binciken kurakuran zane a KiCad, ya jero min gargaɗi masu ruwan ɗorawa na ce ai ba ja ba ne na rufe.

To wannan karon da na kawo muku fayil ɗin Gerber, wanda ake tura wa masana'anta ta buga da shi, na ɗauka karɓa kawai za ku yi ku faɗi kuɗi. Sai yaronka, dogon nan mai tabarau, ya ce Malam zauna tukunna. Ya buɗe fayil ɗin ya kashe komai ya bar hawa biyu kacal, na solda mas da na farin rubutu, ya ɗora ɗaya kan ɗaya. A nan ya koya min abin da shekara biyu ina wannan aiki ban lura ba, wai shi hawan solda mas a juye yake, abin da ka gani an zana shi ne rami, inda babu zane nan ne kore zai rufe. Kuma tagar kan ɗan fi jan ƙarfen faɗi, kamar milimita 0.05 ta kowane gefe, don haka layin da kake gani a kwamfuta bai taɓa jan ƙarfe ba tana yiwuwa ya riga ya shiga taga. Ya bi ɗaya bayan ɗaya ya ƙirgo min wuri 14.

Ni kuma da gaggawata na ce ai da sauƙi, akwai ɗan akwatin nan a KiCad wajen fitar da Gerber da ke cire solda mas daga silkiskirin, a danna shi mu wuce. Kana can kan teburinka ranka ya daɗe, ko ɗagowa ba ka yi ba ka ce min wannan akwatin wuƙa ce ba ta da ido, abin da masana'anta za ta yi maka a can shi zai yi maka a nan, a fara kwashe abin da ake so daga gabanta sannan a sake ta. Wallahi sai na ji kamar kana shagona ranar da kafasitan nan ya fashe.

Cikin 14 ɗin nan 11 ba su da wata illa, layin da ya zagaye rezista ne da makamantansu, ko an ɗan gutsure ba wanda zai ruɗe. Guda uku ne masu haɗari, ɗigon ƙafar farko ta ayisi, layin da ke nuna kan dayod, da + na wajen ɗaura wayar batir, wanda in aka juya shi a gidan kwastoma sai dai labari. Yaron ya janye su ya bar aƙalla milimita 0.15 tsakaninsu da taga, ya kuma fito da su waje inda za a gan su ko bayan an ɗora kaya, don ɗigon nawa a ƙarƙashin jikin ayisin na sa shi, kenan ko bai yanke ba da zarar an liƙa ya ɓace. Rubutun da na matse don ya shiga lungu ya mayar da shi tsawon milimita 1 da kaurin layi 0.15, ya ce ƙasa da haka a fanel sai ya zama kamar kashin ƙuda. Har sunan shagona da nake ta alfahari da shi ashe a kan 'yan ramukan da ke haɗa sama da ƙasa na shimfiɗa shi kuma ban rufe su da kore ba, da an bugo da haruffa uku sun zama rariya, ya ɗauke shi ya kai bayan fanel inda fili yake.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya a gyaran fanel ɗin kawai ba, ya sa na buɗe ainihin sawun kayan, wato zanen mazaunin kowane kaya, a ma'ajiyata ta KiCad muka gyara shi daga tushe, wai don kar gobe in yi sabon zane in sake jawo cutar. Wani ne da ya yi shiru in riƙa dawowa ina biya. Duk wannan kusan awa biyu, ba ku ƙara min ko sisi a kan kuɗin dubawa ba, har da ruwan sanyi.

Sannan maganar lokaci. Sin ta riga mu da awa 7, tambayar da suka aiko da goma na safensu ƙarfe uku na dare ta same mu, ni ina ta barci, na tashi na tarar kun amsa musu bayan sallar asuba aiki bai kwana ba. Kuma ku ne kuka matsa min in tura kafin hutun sabuwar shekararsu da masana'antu ke rufewa, da na biye wa son raina da har yanzu ina jira.

Allah ya saka da alheri, ya yi wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a. Yaron nan a riƙe shi da kyau don Allah, yana da haƙuri, sau uku ina tambayarsa abu ɗaya bai canza fuska ba. Ƙorafina ɗaya ne, benen nan naku yana cin gwiwa, a duba mana ko da benci ne a tsakiya.

Ranar Asabar in sha Allahu ina nan tafe da zanen mai volt 24. Na riga na gudanar da DRC na share duk gargaɗin farin rubutu da hannuna, saura guda biyu a kusa da fiyus da na rasa gane abin da suke nufi, na bar su sai na zo.

Naka,
mai haɗa cajar sola, Kano