Malaman kwamfuta, ku raba yaranmu da tarin "if"

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi ƙorafi kan yadda ake koya wa yaranmu Java, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta.

Sana'ata rubuta manhaja ce a nan Kano. Kwanaki wani ƙanena da ke IT ya kawo min aikin da ya yi wa wani mai shagon atamfa. Ya yi aji uwa (aji shi ne samfurin da ke ɗauke da bayanai da ayyukan abu a manhaja) mai suna Biya, ya ba ta 'ya'ya uku, Tsaba da POS da Taransifa, har nan dai gado, wato 'ya'ya su ɗauki ayyukan uwa, ya tafi daidai. Ina buɗe ciki sai ga "if" da "instanceof", umarnin duba ko abu nau'i kaza ne kafin a yi kaza, sun jeru kamar layin gidan mai, in POS ne cire caji, in taransifa ce jira alat, kuma wallahi jerin nan wuri shida ya kwafa shi. Da Alhajin ya ce a ƙara Bashi, don kasuwa ba ta tafiya sai da shi, yaro ya gyara biyar ya manta ɗaya, manhaja ta dinga buga wa masu cin bashi rasit cewa sun biya.

To ina amfanin 'ya'yan in sai an tare kowa an tambaye shi sunansa kafin a san aikinsa? Ka sa aikin a jikin uwar a matsayin "abstract", wato sunan aikin kawai babu yadda za a yi shi, kowane ɗa ya rubuta nasa, ranar da Bashi ya shigo babu nasa, kwamfaila, mai juya rubutun zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, da kanta za ta ƙi haɗa manhajar tun kafin ta kai shago. Ba sabon abu ba ne fa, tun yaren Simula 67 na ƙasar Nowe ake haka, kuma a 1987 masaniyar kwamfuta Barbara Liskov ta yi bayanin cewa ɗa ya kamata ya iya tsayawa a gurbin uwa ba tare da komai ya lalace ba.

Ban ce duba nau'i haramun ba ne. Wani aikin, kamar fitar da rahoton wata, cusa shi cikin kowane aji kwamacala ce. Don irinsa Java 17 ta kawo "sealed", mai ƙayyade 'ya'yan da uwa za ta iya samu, a 2021, Java 21 kuma a 2023 ta ba "switch", umarnin zaɓi tsakanin nau'o'i, damar kama ka in ka tsallake nau'i ɗaya. Handawut ɗin da yaron ya nuna min ko ambatonsu babu, misalin kare da kyanwa ne kawai shafi huɗu.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja, Kano