Wasiƙa daga Yamai: akwatin gem ɗin nan yana tsakar gidana

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, yaya Abijan da ruwan da ba ya ɗaukewa? Shirunka ya yi yawa, amma ba faɗa ya sa na ɗauki biro ba. Labari ne zan ba ka: akwatin gem ɗin nan na shagon bayan lakwal, wanda ya cinye mana dala goma-goma na kalaci, yanzu haka yana tsakar gidana. A kasuwar Katako na gan shi jingine cikin tsofaffin ƙofofi, mai shi yana shirin fasa shi ya sayar da katakon. Street Fighter II ne, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, da maɓallansa shida na kowane ɗan wasa. Ɗaya daga cikin na ɓangaren dama har yanzu a lotse yake, kuma ni da kai mun san ɗan yatsan da ya yi wannan aika-aika. Kai da Blanka, koren dodon nan na cikin gem ɗin, ba dabara, sai danna-danna!

Hotunan gefe sun ƙone da rana, duk sun tsattsage, dole a cire su. Ashe ba fenti ba ne, leda ce mai gam aka manna a kan fomika. Kafintan unguwarmu ya ce a ɓamɓare fomikar gaba ɗaya a huta. Na ƙi. Abin da ke ƙarƙashinta ba katakon kirki ba ne, garin katako ne da aka matse da gam. Ka taɓa fomikar, garin ya biyo ta yana rududdugewa. Dubi ƙasan akwatin ma, inda ruwa ya taɓa shi ya kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi.

Masu wannan aiki da na'ura mai hura iska mai zafi suke tausasa gam. Ni kuwa ina da ranar Afrilu ta Yamai kyauta. Ina fitar da shi da hantsi, kafin azahar ledar ta yi laushi, sai in kama kusurwa in ja a hankali, ina tura tsohon katin roba a ƙarƙashi. Ban da wuƙa, tana karce fomika. Ragowar gam ɗin ne wahala: tsumma da ɗan kananzir, a jiƙa, a dakata, a murza, sannan a bi da tsumma mai ɗan sabulu da aka matse sosai. Uwargida ta ce gidan duk warin fitila yake, ta kore mu zaure ni da akwatin.

Af, mai shayin fadarmu ya ƙara aure, ƴar Tawa ce. Yanzu ƙarfe tara yake kwashe butocinsa.

Fomika santsi gare ta, fenti ba ya kama ta haka nan, ƴan kwanaki sai ya saɓule. Sai an bi ta da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu, amma ba a zurfafa a cinye ta. Ramuka da kusurwoyin da suka gutsure na cike su da mastik na masu gyaran jikin mota. Saura fentin ƙasa mai kama santsi, sannan baƙi, shafi siriri bi da bi, da asuba bayan an yayyafa wa ƙasa ruwa saboda ƙura. So nake in gama kafin ruwan farko.

Cikin akwatin kam ban sa hannu ba. Tsohuwar talabijin mai ƙugu ce a ciki, irin wadda ke riƙe wuta ko an cire ta daga soket. Mai gyara zai zo ranar Asabar. Yaran gida sun riga sun fara rabon layi, alhali ko kunnuwa bai yi ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka aiko rabinsa ya bushe a hanya, nan gaba ka sa a ƙunsa shi cikin ganye da kyau. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
wanda ya saba kayar da kai