Godiya ga shagon kwamfuta na bakin babbar kasuwar Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon gyara da sayar da kayan kwamfuta da ke bakin babbar kasuwar Tawa, da yaran shagonsa baki ɗaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne don jama'a su shaida, domin godiyar da na yi muku da baki a cikin shago ba ta ishe ni ba. Yabon gwani ya zama dole.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo. Aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, kokawa idan lokacinta ya zo, duk ina zuwa, cikin gari da wajensa, daga Kalfu da Bambay har Badagishiri da Keita. Duk wanda ya san Adar ya san da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan cirani a Abijan ko Libiya. Mutum zai dawo bayan shekara biyu ko uku ya ce a ba shi bidiyon auren ƙanwarsa da aka yi ba ya nan, wani lokaci ma tsohuwar da ke sa albarka a cikin bidiyon ta riga mu gidan gaskiya. Saboda haka abin da ke cikin kwamfutata amanar mutane ce, kuma biki idan ya wuce ba a sake shi.

Da aiki ya yi yawa, sabuwar kyamara kuma tana cin wuri ba kaɗan ba, sai diskin kwamfutata ya cika. Na shigo shagonku da tambaya ɗaya: in sayi babban diski guda in huta, ko in sayi akwatin nan mai diski huɗu da ake haɗawa a tsarin RAID, wato a haɗa diski da yawa su yi aiki kamar guda, wanda abokan sana'armu na Yamai ke yabawa? Kuɗin akwatin na cikin aljihuna, Alhaji, kuma kun ga alamar haka. Kayan ma akwai su a shago.

Amma ba ku miƙa hannu kan kanta ba. Kuka sa aka ba ni kujera, kuka ce: "Malam, me kake tsoro? Diski ya mutu aikinka ya tsaya, ko hotunan mutane su salwanta?" Na ce duka biyun. Kuka ce ai cuta biyu ce, kowace da maganinta, kuma RAID ta farkon yake warkarwa. Wannan maganar ita ce tushen godiyata.

Daga nan kuka kira yaronku, wanda ya yi karatu a jami'ar Tawa, ya ɗauki takarda da biro ya zana mini komai. Ya ce masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fito da tsarin a rubuce a 1988, da nufin a haɗa ƙananan diski masu araha su yi aikin babba mai tsada, kuma idan ɗaya ya lalace na'ura ta ci gaba da tafiya. Tsarin iri-iri ne, kowane da lambarsa. RAID 0 yana yanka kowane fayil ya raba shi tsakanin diski biyu. Akwai sauri, akwai wuri, amma ɗaya na mutuwa komai ya tafi, har abin da ke kan mai lafiyar, domin rabin fayil ba ya buɗuwa. Ya ce wannan kada in ko kalle shi. RAID 1 kuma duk abin da aka rubuta a diski ɗaya ana rubuta shi a ɗan'uwansa a lokaci guda, shi ya sa diski biyu masu terabait 4 kowanne (terabait ma'aunin wurin ajiya ne) ba za su ba ka 8 ba, 4 za ka samu. RAID 5 yana bukatar aƙalla uku, wurin guda ɗaya yana tafiya wajen lissafin da ake sake gina bayanai da shi, kuma yana jure mutuwar diski ɗaya tak. RAID 6 yana jure biyu, amma sai da huɗu ake fara shi.

A kan RAID 5 ya fi daɗewa, tun da shi ne tsarin da nake hange. Ya ce ranar da diski ɗaya ya mutu aka sa sabo, dole na'ura ta karanta sauran daga farko har ƙarshe kafin ta cike gurbin, kuma da manyan diski na yanzu aikin yana cin awoyi masu yawa, yakan wuce yini guda. A cikin wannan tsakanin ba ka da sauran kariya. Diskin da suka rage kuwa sa'o'in wanda ya mutu ne, rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, sai ga shi an ɗora musu aiki mafi nauyi a rayuwarsu. In na biyu ya bi sahu kafin a gama, shi ke nan. Sai ku, Alhaji, kuka ƙara da abin da takarda ba ta faɗa: a nan Tawa muke. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, wuta kuma tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Akwati mai diski huɗu da ke juyawa dare da rana yana son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, ni kuwa fanka ce a shagona. Sannan idan akwatin kansa ya ƙone, ba a ciro diski ɗaya a karanta shi a kowace kwamfuta. Sai an nemo irinsa ko gwanin da zai harhaɗa su, wataƙila sai an aika Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin cuta ta biyu. RAID ba ya tambaya ko abin da aka umarce shi daidai ne. Ka goge fayil bisa kuskure, ya goge a duka diskin nan take. Birus, wato cutar kwamfuta, ya shigo ta kilen wani (ƴar na'urar USB ta ɗaukar fayil) ya kulle hotuna, a kulle za su zauna a duka. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone na'ura, ko ɓarawo ya fasa shago da dare, duk tare za su tafi. Kuka ce rumbu biyu ne a gida ɗaya: in gara ta ci ɗaya, ɗayan ya cece ka, amma in gobara ta tashi ba ta zaɓe. Maganin wannan shi ne kwafi dabam a diskin da ba ya jone da kwamfuta, wanda ke kwana a wani gida.

Ba ku raina diski guda ba, kuma na ji daɗin haka. Kun ce ga ɗalibi, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa mai ajiye lissafi, diski ɗaya na aiki da wani ɗaya na kwafi sun wadatar. Ba ya cin wuta sosai, ba ya bukatar gwani, in ya cika a sayi wani. Har kuka ce mini da kuɗin diski biyu kawai nake da shi, da ba za ku bar ni in haɗa su RAID ba, da ɗaya ya yi aiki ɗaya ya tafi ajiya. Ni dai da yake akwai ranakun da nake da biki uku a mako, kuma ango ba ya jiran a gyara kwamfuta, sai muka tsaya a kan diski biyu a cikin kwamfuta a tsarin RAID 1 don aikin da ke hannu, da na uku na waje wanda nake kwafewa a kai duk ranar Juma'a in kai gidan yayata a Sabon Gari. Sauran kuɗin kuka ce in sa a ondiler, na'urar da ke riƙe wuta ƴan mintoci har mutum ya kashe kwamfuta lafiya. Duka-duka abin da na biya bai kai kuɗin akwatin da na zo saye ba. Ciniki mai tsoka kuka bari ya wuce da saninku, kuma a wannan zamani ba kowane ɗan kasuwa ke yin haka ba.

Aikin haɗawar ma abin a faɗa ne. Kafin a ɗaura kowane diski, yaronku ya buɗe bayanan lafiyarsa da ake kira SMART ya nuna mini awoyin da ya taɓa yi a kunne, don in tabbatar sabo ne, ba tsohon da aka goge aka sa a kwali ba. Da na ga kwamfuta ta rubuta girman diskin terabait 3.63 maimakon 4, tun kafin in buɗe baki ya bayyana mini cewa bambancin ƙidaya ne tsakanin masu ƙera diski da Windows, babu abin da aka rage. Bayan ya gama, ya kashe kwamfutar, ya zare wayar diski ɗaya, ya sake kunnawa a gabana, ga ayyukana nan daram. Ya nuna mini saƙon gargaɗin da ke fitowa idan ɗaya ya faɗi, ya ce ranar da na gan shi kada in jinkirta, domin mutane da yawa suna tafiya da diski ɗaya wata da watanni suna zaton biyu ne. Sannan ya sa ni da hannuna na maido da fayil daga diskin waje, har sai da ya ga na iya.

Amfanin wannan koyarwa bai daɗe ba ya bayyana. Bayan Babbar Salla yaron da ke koyon aiki a wurina yana share tsofaffin fayiloli, sai ya haɗa da bidiyon wani aure da aka yi a Bambay wanda ba a riga an karɓa ba. Kamar yadda kuka faɗa, a duka diskin biyu ya ɓace. Na hau babur na ɗauko na gidan yayata, kafin la'asar bidiyon ya koma wurinsa. Dangin amarya sun karɓi kayansu cikakke, wani wansu da ke Abijan ya kira yana ta sa albarka, yaron nan kuma yana nan yana ci gaba da koyon aikinsa.

Ina kira ga abokan sana'a, da masu gidajen rediyo, da sakatarorin makarantu da asibitoci masu riƙe da takardun jama'a a kwamfuta, duk mai shirin sayen wurin ajiya ya fara biyawa ta wannan shago ya faɗi irin aikinsa. Za a saurare shi kafin a nuna masa kaya.

Alhaji, na gode, na gode ƙwarai. Ku miƙa gaisuwata ga yaronku da sauran ma'aikata. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a, ya jiƙan magabata.

Wassalam.

Naku,
Mai ɗaukar hoto da bidiyo,
Unguwar Wadata, Tawa.