Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma: A Ba Mu Bangon Sunayen Mazajenmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne da yawun gidajen da suka yi wa 'ya'yansu rakiya zuwa fagen fama, har yau ba su ga ko kabarinsu ba.

Mun daɗe muna bi gida-gida muna tattara sunayensu a littafi. Wata tsohuwa ta kwance ƙullin tsumma a gabanmu, ta fito da takardar da ta kawo labarin rasuwar wanta. Gara ta cinye rabi, lambarsa ta soja kaɗai ta tsira. Ta ce mu rubuta sunan da kyau, don in ta faɗi babu sauran wanda ya san fuskarsa. Wallahi hannuna na rawa na rubuta.

Kada a ce suna ƙaramin abu ne. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a adana sunayensu ba, har sai da sakataren tsaron Birtaniya, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Rahoton hukumar ya ɗora laifin a kan wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka, kuma lokacin da ake iya tambaya ba a tambaya ba. Mu kuwa shaidunmu na nan da ransu, sai dai kullum raguwa suke yi.

Dubi garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Ba wani babban birni ba ne, amma tun 1928 mutanensa ke busa begila da ƙarfe 8 na kowane dare a ƙofar Menin, inda aka sassaƙa sunaye sama da 54,000 na sojojin da ba a san makwancinsu ba. Mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ce ta taɓa raba ƙofar da wannan busa.

Namu bai kai haka ba. Ɗan fili muke roƙo kusa da makarantar firamare, inda yara za su riƙa wucewa suna karanta sunan kakanninsu. Magina sun ce aikin nasu kyauta ne. Sai kuma ma'aikaci ɗaya daga ofishinka da zai rubuto wa rundunar soja ta tantance mana lambobin, don wasiƙarmu ba ta da hatimi.

Littafin yana hannuna, ranka ya daɗe. Ranar da ka sa, zan kawo shi, tare da tsohuwar idan ƙafa ta bar ta.

Naka mai biyayya,
Ɗaya daga cikin jikokinsu